Waken Inna da Tarkon Hedimasta

Shekara talatin da ɗaya Malam Ma'aruf ya yi yana koyar da darasin aikin gona a Daura, kuma a duk tsawon shekarun nan babu wanda zai rantse ya taɓa ganin fartanya a hannunsa. A kan allo yake nomansa. Da alli zai zana maka wake tun yana ƙwaya har ya yi yaɗo, ya ja kibiya ya nuna saiwa, ya ja wata ya nuna fure, sannan ya kakkaɓe hannu ya ce a kwafa. Haifaffen cikin birni ne, gidansu ba nisa da Kusugu, mutum mai tsafta har ta so ta yi yawa. Turare kuwa ba a magana. Irin mai maiƙon nan ne na 'yar kwalba, wanda in ya gaisa da kai da hantsi sai ka ci tuwon dare da ƙamshinsa a tafin hannunka. Surukarsa Inna, Allah ya jiƙanta, in ya je gaishe ta ƙauye sai ta ja gefen mayafi ta kare hanci tana amsa gaisuwa. In ya tafi ta ce wa 'yarta, "Hadijatu, mijin nan naki mutumin kirki ne, amma turarensa sai ya kai ni kabari."

Da ya yi ritaya yana hedimasta, sai zama ya ishe shi. Ya gyara rediyon da lafiyarta lau har ta daina magana. Ya jera tukwanen kicin bisa tsawo. Da Hadijatu ta ga saura kaɗan ya fara duba mata miya da jan biro, sai ta ce su tafi ƙauyensu can bayan Baure su yi damina. Tana da 'yar gona ta gado, kuma tana da wani aiki da yake cin ranta.

Aikin nan shi ne waken Inna. Wani jan wake ne ƙanana mai ɗigon fari, wanda Inna ta ƙullo irinsa a bakin zane ranar da aka kawo ta amarya daga hayin iyaka. Shekara sittin tana shuka shi tana ware iri, ba ta taɓa kai ko tiya ɗaya kasuwa ba, kuma ko kasuwar ka je ba za ka same shi ba. Bara Inna ta rasu. A cikin hidimar rasuwa aka manta da buhun irin a ɗaki, ƙwari suka mai da shi gari. Abin da Hadijatu ta tsince da hannunta ɗaya bayan ɗaya, tana tsinta tana share hawaye, bai cika kofin shayi ba. In wannan ya salwanta, waken Inna ya bi Inna ke nan.

Ta shuka rami arba'in a gefen gonar, kusa da wani kurmin sabara. Allah ya ba da ruwa, cikin kwana biyar suka fito, arba'in cif. Malam ne ya ƙirga, ya rubuta a littafi da kwanan wata.

A safiya ta takwas sai suka tarar tara babu kai. An datse su daf da ƙasa, datsa mai kyau kamar da almakashi.

Sabiru, ƙanen Hadijatu, wanda gonarsa ke maƙwabtaka da tata, ya zo ya tsuguna. Mutum ne ɗan shekara hamsin, manomi da damina, mai sayar da awaki a kowane lokaci, kuma abokin wasan Malam tun ranar ɗaurin aure. Ya tsinci wasu 'yan ƙwallaye a ƙasa ya miƙa wa Malam a tafin hannu.

"Hedimasta, wannan a wane shafi yake a littafinku?"

Malam ya ja da baya. "Sabiru, ka kiyaye ni."

"Kashin zomo ne. Ga sawunsa nan, daga sabarar can yake fitowa, kuma tunda ya ɗanɗana gobe ma yana tafe. Bari in samo wayar birkin keke in yi masa zarge a kan turbarsa, a wuce wurin."

Malam ya gyara tsayuwa irin ta gaban aji. "Zarge shaƙewa yake yi. Kafin ka iso da wuƙa ya mutu, ya zama mushe. Ka kashe rai a banza, nama kuma ya haramta. Ni ban yarda da wannan ba."

"Ai ba miya muke nema ba, wake muke ceto."

"Ni dai da ƙaya aka saro aka kewaye," in ji Hadijatu. "Haka Inna take yi."

"Ƙaya ba ta kama ɓarawo, hanya kawai take sauya masa," in ji Malam. "Ku bar ni da shi. Da ransa zan kama shi, a yanka da bisimilla, ku ci ku gode mini."

Hadijatu ta dube shi. Rabon da ta ga idonsa yana ƙyalli haka tun ranar da ya miƙa makullin ofis. Sai ta ce, "To, Malam. Kwana uku na ba ka."

Sabiru ya ce shi dama Mashi zai kai awaki, sai mako ya zagayo, amma don Allah in an yanka a ajiye masa cinya, ta zomon ko ta Hedimasta, duk wadda ta samu.

Malam bai ɓata lokaci ba. Ya zauna ƙarƙashin darbejiya ya kalli bidiyo uku a waya, ya zana tarkon a takarda da kibiyoyinsa, ya ba kowane sashe lamba. Ya hau babur ɗin haya zuwa Baure ya sayo kwandon tumatir babba, mai faɗin ido, wanda haske ke ratsawa. Ya sa aka saro masa gwafa mai tsawon kamu biyu, ya warware zaren buhu, ya nemo tsingaro mai santsi da wani dutse da ya kai kan jariri.

Tsarin ba shi da wuya, kuma gaskiya ba shi da laifi. A kife kwando, a ɗaga gefe ɗaya a tokare shi da gwafa. Gindin gwafar a ɗora shi a kan tsingaro don ya riƙa neman zamewa. A ɗaura zare a gindin gwafa, a ja shi cikin kwando a ɗaure a jikin wani ɗan turke, ya miƙe tsam, yatsa biyu daga ƙasa. Dutse kuma a bisa kwando. Zomo ya shiga cin abinci, ya taɓa zare, gwafa ta zame, kwando ya rufe shi da ransa da lafiyarsa.

A tsakar gida ya fara gwadawa. Ya zura hannu ya taɓa zare, kwando da dutse suka sauko masa a wuyan hannu, ya saki wani salati da ya sa kaji suka watse. Ya tashi yana yarfe hannu yana murmushi, domin dai abu ya yi aiki. Gwaji na biyu ya kama kazar maƙwabta, aka sake ta da ban haƙuri.

Saura abin da zai ja zomo ciki. Malam ya yi tunani irin na masu ilimi: tunda wake ya kawo shi, wake ne zai kama shi. Hadijatu ta fita barka, sai ya shiga ɗakin ajiya da kansa. Ga buhun farin wake na girki, amma Malam ba almubazzari ba ne, ba zai ba zomo abincin mutane ba. Can bayan buhun ya hango wani tsohon gwangwanin madara, ya yi tsatsa, an toshe bakinsa da tsumma. Ya buɗe, sai ya ga toka. Ya tona da tsinke, sai ga wani wake a ciki, ya yi furu-furu, ko launinsa ba a gani.

Ya taɓe baki. "Mata da ajiyar shara!"

To, duk wanda ya tashi a ƙauye ya san wake a cikin toka iri ne, an binne shi ne don kada ƙwari su shiga. Malam ma ya sani. Ya sha rubuta shi a allo, har yana fitowa a jarrabawa, har ya taɓa kayar da yaro a kansa. Sai dai tokar allo ba ta ɓata hannu, shi ya sa da ya gamu da ta gaske bai gane ta ba.

Ya kai kayansa gona, ya ɗana tarko a bakin sabara, daidai kan turbar da Sabiru ya nuna. Ya shafa nan, ya gyara can, babu sandar da bai murza da hannu ba sau goma. Ya watsa rabin waken a ƙarƙashin kwando. Da ya ja da baya sai ya ga kwandon ya saje da ciyawa, ba za a gane daga nesa ko ya faɗi ko yana tsaye ba. Nan ma dabara ta zo masa. Ya zaro farin hankicinsa, wanda ya shekara biyar yana shan turare safe da yamma, ya ɗaure a kan gwafar kamar tuta. Ya koma gida yana jin kansa. Da la'asar aka yi ruwa mai ƙarfi.

Washegari ya yi sammako da wuƙa a aljihu. Tuta na nan tsaye, kwando na nan a ɗage. Waken da ya watsa babu ko ɗaya a fili, a cikin shukar Hadijatu kuma an sake datse shida. Bai kawo a ransa cewa ruwa ne ya ja yashi ya rufe waken ba. Cewa ya yi zomon nan ya yi makaranta, ya shiga ya ci ya tsallake zare. Ya sauko da zaren yatsa ɗaya, ya juye sauran waken duka, ya jefa gwangwanin cikin sabara. Ranar ma aka kwana ana yayyafi.

Daga nan sai ya daina matsawa kusa, domin mai bidiyo ya ce yawan zuwa yana korar dabba. Daga bakin gona yake hangen tutarsa. A rana ta biyu shuka ta koma goma sha huɗu. A rana ta uku da alama zomo ya gayyato dangi har da surukai, domin huɗu suka rage, su ma an gatse musu kai. Hadijatu ta saro ƙaya da kanta ta kewaye su, amma kafin yammar washegari sun langaɓe sun bushe.

Malam yana zaune a tabarma da kofin shayi, yana shirya jawabin da zai yi kan halayyar zomo, sai ya ji ta ce, "Ba komai, Malam, kada ka sa wa ranka damuwa. Ai ban shuka duka ba. Na rage na ko-ta-kwana, shi ya sa ma na bar ka ka yi gwajinka. Damina da saura, gobe sai in sake shukawa, a kewaye da ƙaya tun daga farko."

Ta shiga ɗakin ajiya. Ya ji tana jan buhu. Ya ji ta ɗaga kwarya, ta ajiye. Ya ji shiru.

"Malam, ko ka ga wani gwangwani a bayan buhun nan? Mai toka a ciki?"

Ƙarya ta zo masa har bakin leɓe, kuma da ya yi ta da ta zauna, domin ɓeraye sun yi yawa a ɗakin. Amma Malam Ma'aruf, duk da iyayinsa, ba maƙaryaci ba ne. Ya ajiye kofi ya faɗa mata komai, tun daga tsinken da ya tona tokar da shi har zuwa inda ya jefa gwangwanin.

Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonsa. Ya jira faɗa, ya ma roƙi Allah ta yi faɗan. Sai kawai ta ce, "Zomo ka ba?"

"Zomo na ba."

"Allah ya sa haka ne mafi alheri."

Ta zagaya bayan ɗaki. Bai bi ta ba, amma ya ji kukan, ƙasa-ƙasa, irin wanda ta yi ranar da aka fita da Inna. Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba tunda aka haife shi. Shekara talatin da ɗaya yana gaya wa 'ya'yan manoma yadda ake adana iri, yau ga shi da hannunsa ya ɗauki abin da ya rage wa matarsa na uwarta ya watsa wa dabbar daji.

Kwana uku bai taka gona ba. Hadijatu tana dafa abinci, tana kawo masa, tana yi masa sannu, kuma wannan sannun ita ta fi komai ciwo. Littafin da yake rubuta ƙirge a ciki ya tura shi ƙarƙashin tabarma.

Ran nan Sabiru ya dawo daga Mashi. Ya ji labari a bakin yayarsa, ya fito ya zauna kusa da Malam, kuma a karon farko cikin shekara talatin bai tsokane shi ba. Shi ma Inna uwarsa ce.

"Tashi ka raka ni," in ji Malam. "In ɗauko kwandon nan in ƙona shi."

Suka kama hanya. Saura taku ashirin su isa sabara, sai Sabiru ya tsaya, ya ɗaga hanci sama ya shaƙa.

"Hedimasta, ɗaurin aure aka yi a gonar nan?"

"Sabiru, yau ba ranar wasa ba ce."

"Wallahi ba wasa nake ba. Wancan farin abin mene ne?"

"Hankicina ne. Alama ce."

Sabiru ya dafe kai. Ya kama hannun Malam ya nuna masa ƙasa. Ga sawun zomaye nan rututu a kan yashi, sun fito daga sabara sun miƙo tiryan-tiryan, amma da sun doshi kwando sai su karkata, su yi wani babban zagaye kamar masu gudun rijiya, sannan su koma kan hanya. Taku uku a kewayen kwandon babu sawu ko ɗaya.

"Zomo da hancinsa yake rayuwa," in ji Sabiru. "Mu in za mu ɗana tarko, da kashin awaki muke murza hannu, mu shafe igiya da ƙasa, ko sabulu ba ma wanka da shi ranar. Kai kuwa shagon turare ka buɗe masa. Ko mura yake yi ba zai shiga nan ba."

Haushi ya turnuƙe Malam. Ya taka da sauri ya ɗaga ƙafa zai shuri gwafar, kwando da dutse su rufta kowa ya huta. Sabiru ya cafko rigarsa ta baya da ƙarfi har maɓalli ya tsinke.

"Tsaya! Kada ka motsa! Duba ciki."

Malam ya sunkuya. A ƙarƙashin kwandon, inda rana ke ratsowa ta idanunsa, ƙasa ta yi kore. Tsirrai ne, cunkus, kowanne da ganye biyu a buɗe, wasu sun leƙo ta gefen baki. Ya durƙusa, bai ko tuna da farar rigarsa ba. A kan wani ɗan tsiro da bai gama buɗewa ba, ɓawon ƙwayar na nan maƙale kamar hula. Ruwa ya wanke tokar. Ja ne, mai ɗigon fari.

Sabiru ya sa hannu biyu ya sauke dutsen a hankali, ya riƙe kwandon da kafaɗa. Malam ya ƙirga, ya ɓata, ya sake. Ashirin da bakwai.

Mutanen ƙauyen har yau suna ba da labarin ranar da suka ga tsohon hedimasta, mai tafiya kamar ba ya son taka ƙasa, ya ratsa gonakin gero a guje, takalmi ɗaya a ƙafa, yana kiran sunan matarsa tun daga bakin rijiya.

Hadijatu ta zo da ludayi a hannu, don ko ajiye shi bai bar ta ta yi ba. Ta durƙusa gaban kwandon. Ta sa ɗan yatsa ta taɓa jan ɓawon nan, ya faɗo a tafin hannunta, ta rufe hannun.

"Sun yi cunkoso," in ji Sabiru, yana kallon wani wajen don kada a ga idonsa. "In an yi ruwa sai a rarraba su da ƙasarsu. Amma fa a kewaye da ƙaya, Yaya, turare ba ya dawwama."

"Ni zan saro," in ji Malam.

Ba wanda ya yi dariya, ko Sabiru.

Hadijatu ta ɗago ta dubi hankicin da ke kaɗawa a kan gwafa, ruwa ya dake shi, rana ta dake shi, amma ƙamshinsa na nan daram. Sai dariya ta ƙwace mata, hawaye na zuba, ta rasa wanda za ta tare.

"Shekara talatin Inna tana toshe hanci saboda turaren nan," ta ce. "Yau ga shi, shi ne ya tsaya gadin wakenta."

Malam ya laluba aljihu ya fito da 'yar kwalbar, wadda ko Sabiru bai taɓa samun ɗigo daga cikinta ba, ya miƙa mata. Ta karɓa, ta zagaya kwandon tana ɗiga wa kowane dutse da kowane kara, har ta kife kwalbar ta girgiza.

Da yamma aka ga Malam Ma'aruf ya fito daga daji da gatari a kafaɗa, yana jan reshen ƙaya da ya fi shi tsawo. Tafin hannunsa ya yi bororo biyu, rigarsa ta yage a gefe, kuma duk wanda ya gaisa da shi ranar warin gumi kawai ya ji.